Saiwa a Ƙasa, Wuƙa a Hannu: Dogara ga Allah da Girman Bangaskiyar Kirista

A shekarar 1983, a kan wata hanyar rairayi a ƙasar Maraɗi, wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya tsayar da motarsa don ya rage wa tayoyi iska, kada su kafe cikin yashi. Yana janye da tirela cike da dashen itatuwa da zai kai ƙauyuka. Shekara biyu ke nan yana wannan aiki ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM, kuma shi da kansa ya san yawancin abin da ya dasa bai rayu ba. Wanda rana ba ta ƙona ba awaki sun cinye, wanda awaki suka bari gara ta gama da shi, ko iska ta binne shi da yashi. Ya sha ba da labari cewa a wurin nan ne dabara ta ƙare masa, ya roƙi Allah ya gafarta ɓarnar da mutane suka yi wa ƙasa, ya kuma buɗe masa ido ya ga abin yi. Da ya ɗaga kai sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin wanda ya wuce dubbansa bai kula ba. Ya matsa kusa ya duba ganyen, sai ya gane ashe itace ne sosai da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana nan da ransa, saiwar tana can ƙasa tana shan ruwa, kowace shekara tana fitar da toho, kowace shekara kuma manomi yana sassabe shi ya ƙone kafin shuka.

Abin da ya biyo baya aiki ne na wuƙa da gatari da haƙuri. Manomi zai zagaya gonarsa ya zaɓi kututturan da yake so, na kalgo ko sabara ko gawo ko magarya, a kowanne ya bar 'yan tohon da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran, ya aske ƙananan rassan ƙasa, sannan ya tsare su daga dabbobi da masu neman itacen girki. Da fari manoma ƙalilan ne suka yarda su gwada, jama'a na yi musu dariya, domin a lokacin gonar kirki ita ce wadda aka share tas. A yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da wannan aiki a ƙauyuka da dama, aka tsare itatuwa kusan dubu 500, amma da yunwa ta wuce aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfanin: iska ta rage binne shuka, ƙasa ta riƙe laima, ga itacen girki, ga abincin dabbobi. Daga gona zuwa gona dabarar ta bazu, ana kiranta sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Adalci ne a faɗi cewa yawancin manoman Musulmi ne, kuma a wurare da yawa, musamman wajen Damagaram, mutane sun farfaɗo da itatuwansu da basirar da suka gada. Rinaudo ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, amma gumin na talakawa ne.

Na kawo wannan labari ne saboda wata tambaya da take damun Kiristoci da yawa, ko da ba su furta ta ba: idan na dogara ga Allah, me kuma ya rage mini in yi? Bahaushe yana da maganganu biyu, kowa yana ɗauko wadda ta yi masa daɗi. Wanda ya gaji da fafutuka sai ya ce dogara ga Allah jari, ya miƙe ƙafa. Wanda yake ji da ƙarfinsa sai ya ce ai Allah ya ce tashi in taimake ka, yana ganin duk abin da ya samu ƙwazonsa ne ya jawo. A cikin majami'a ma haka abin yake. Akwai mai bi da ya yi baftisma shekara ashirin da suka wuce, amma saninsa na Littafi Mai Tsarki da halinsa a gida suna nan inda ya bar su ranar da ya fito daga ruwa, in ka taɓa shi ya ce ai ceto ta wurin alheri ne. Akwai kuma wanda ba ya fashin azumi da kwanan addu'a, amma zuciyarsa cike da fargaba, kullum yana lissafin ko abin da ya yi ya isa Allah ya karɓe shi. Abin da nake so in nuna shi ne, a koyarwar Kirista, dogara ga Allah da ƙoƙarin girma cikin bangaskiya suna zaune ne kamar saiwa da wuƙar manomi a gonar Maraɗi. Rai daga saiwa yake, ba manomi ya yi shi ba, amma kututturen da ba a kula da shi ba sai ya shekara hamsin yana toho bai zama itace ba.

Maganar nan ta tashi in taimake ka, ko da yake ana jingina ta ga Allah, babu ta a Littafi Mai Tsarki, kuma ta sa na baya a gaba. A wasiƙarsa zuwa ga Afisawa, sura ta biyu, manzo Bulus ya kwatanta mutum kafin ya sadu da Almasihu da matacce, matacce kuwa ba ya tashi don a taimake shi, sai dai a tashe shi. Ya nuna cewa ceto kyauta ce daga Allah da ake karɓa ta bangaskiya, ba ladan wani aiki ba, don kada kowa ya samu abin taƙama. Nan ne tushen dogarar Kirista yake. Ya jingina ne ga wani abu da ya gaskata an riga an yi dominsa, wato mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa, shi ya sa talaka da mai kuɗi, mai karatu da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, duk hannu rabbana suke zuwa. Sai dai wanda ya tsaya a aya ta tara ya rufe littafin ya katse wa Bulus hanzari, domin aya ta goma ta ci gaba da cewa an sake halittar mai bi ne saboda kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya tanada masa.

Duk inda ka buɗe a Sabon Alkawari haka za ka tarar da su a jere. Bulus ya umarci Filibiyawa su himmantu ga rayuwar ceton da suka samu da tsoron Allah, dalilin da ya ba su kuwa shi ne Allah ne yake aiki a cikinsu, yana ba su niyya da ikon aikatawa. Aikin Allah a cikin mutum shi ne hujjar tashinsa, ba hujjar kwanciyarsa ba. Ga Korintiyawa da suke gardama a kan wane malami ya fi, ya tuna musu cewa shi ya yi shuka, Afolos ya yi ban ruwa, girman kuwa daga Allah ne, amma a wannan wasiƙa dai, sura ta 15, ya faɗi cewa ya fi sauran manzanni shan wahalar aiki, sannan ya mayar da yabon ga alherin Allah. Yesu da kansa, a Linjilar Yohanna sura ta 15, ya kwatanta kansa da kuringar inabi, almajiransa rassa, Uba kuma manomin da yake aske reshe mai 'ya'ya don ya ƙara haihuwa. Shi kuwa Bitrus, a farkon wasiƙarsa ta biyu, bayan ya ce an riga an ba masu bi duk abin da suke bukata, sai ya jera musu abubuwan da za su yi iyakar ƙoƙari su ɗora a kan bangaskiya, daga halin kirki da sani da kamunkai da jimiri har zuwa ƙauna.

Mai tunani zai iya cewa a nan akwai haɗari, kuma yana da gaskiya. Da zarar an fara yi wa mutane maganar ƙoƙari, me zai hana su koma zaton ayyukansu ne za su saya musu aljanna? Ikilisiya ta daɗe tana fama da wannan. A farkon ƙarni na biyar, Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya yi doguwar muhawara da Felajiyus, wanda ya koyar cewa mutum yana da ikon yin nagarta da kansa in ya ga dama, har taron shugabannin ikilisiya a Kartaj ya ƙi wannan koyarwa a shekarar 418. Bayan shekara dubu da ɗari, a 1517, Martin Luther ya ta da murya a Jamus a kan sayar da takardun yafe hukuncin zunubi. Amma kuskuren yana da ɗan'uwa a ɗaya gefen. Wasiƙar Yakubu ta kira bangaskiyar da ba ta haifar da aiki matacciya, kuma a 1937 fasto Dietrich Bonhoeffer, wanda 'yan Nazi suka rataye a watan Afrilu na 1945, ya yi wa ikilisiyar ƙasarsa kashedi a kan alheri mai arha, wato gafarar da ake wa'azinta ba tare da tuba ko bin Yesu ba. Mafita, a ganina, tana cikin bambancin da kowane ɗan ƙauye ya sani tsakanin ɗan ƙodago da ɗan gida. Su biyun suna duƙe a gona ɗaya da fartanya iri ɗaya. Ɗan ƙodago yana noma ne don a biya shi da yamma, in an hana shi gobe ba za a gan shi ba. Ɗan gida yana noman gandu domin gonar ta ubansa ce, ba don ya zama ɗa ba, ai shi ɗa ne tun kafin ya iya riƙe fartanya. Abin da Bishara ta soke shi ne neman lada, ba ta soke gumi ba.

Wasu kuma sukan kafa hujja da tsuntsaye. Ai Yesu ya ce a dubi tsuntsayen sama, ba sa shuka ba sa girbi, amma Allah yana ciyar da su. Gaskiya ne, hakan yana cikin Matiyu sura ta shida, sai dai abin da ya hana a wurin damuwa ce, wadda take cinye zuciya ta hana barci, kuma duk wanda ya kalli kanari ko kurciya da sassafe ya san ba a cikin sheƙa ake zuba musu hatsi ba. A Tasalonika an samu masu bi da suka bar sana'a suna yawon gidajen mutane, Bulus bai yaba musu ba, ya ce wanda ya ƙi aiki kada a ba shi abinci, shi kansa kuwa da ɗinkin tanti yake ci da kansa. Nehemiya, da maƙiya suka yi barazana ga masu gina garun Urushalima, addu'a ya yi ya kuma sa masu gadi dare da rana. Yusufu, da Allah ya nuna masa yunwar da ke tafe a Masar, rumbuna ya cika shekara bakwai. 'Yan'uwa Musulmi sun san wannan sarai a bayanin tawakkali, inda ake koyar da cewa a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Abin baƙin ciki ne a ji mai bi ya hana matarsa zuwa awo, ko ya zubar da maganin hawan jini da sunan bangaskiya. Lokacin da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya kira hakan gwada Allah. Mutanen da suka kafa asibitin Vom a Filato da na Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, masu addu'a ne ƙwarai, kuma ba su ga wani saɓani ba tsakanin durƙusawa gaban Allah da wanke hannu a shiga ɗakin tiyata.

To, mene ne aikin shi kansa? Na farko da ikilisiyoyin Arewa suka riƙe da hannu biyu shi ne karatu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya daɗe a Zariya, ya jagoranta tare da wasu masu mishan da Hausawan da suka taimaka da harshe. Wannan littafi ya zama allon dubban mutane a Filato da kudancin Kaduna da Adamawa da ƙasar Tangale, waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne. A wurare da yawa mai neman baftisma sai ya zauna ajin koyon karatu wata da watanni, magidanci mai furfura yana bin baƙi da yatsa a gaban fitilar ƙwai bayan ya dawo daga gona. Me ya sa aka ɗora wa mutane wannan wahala, alhali an ce ceto kyauta ne? Domin dogara tana tafiya da sani. Ba ka ba wa baƙon da ka haɗu da shi a tasha ajiyar kuɗinka, sai wanda ka daɗe da sanin halinsa. Kiristan da bai san Allahnsa ba sai ta bakin wani, ranar da wannan bakin ya yi ƙarya ko ya mutu, ba shi da madafa. Littafin Ayyukan Manzanni ya yaba wa mutanen Biriya saboda kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. In an yaba wa masu bin diddigin manzo, ban ga laifin mai bin diddigin fastonsa ba.

Girman bangaskiya kuma ba ya yiwuwa a ɗaki shi kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya taɓa wucewa ta wata majami'ar ECWA ko COCIN ko EYN da yammacin ranar taron Zumuntar Mata ya ga yadda abin yake. Mata ne sanye da anko, wata da goyo, wata ta taho kai tsaye daga kasuwa, ana bugun bakin tulu yana amsa amo, ɗaya ta ba da waƙa saura su amsa. Bayan waƙa a bita ayar haddar mako, tsohuwar da ba ta iya karatu ba ta kawo tata tiryan-tiryan, sannan a shiga lissafi: wace ce ta haihu, wace ce ke kwance a asibiti, wace gwauruwa ce hatsinta ya ƙare, kowa ta kawo mudu ko rabin mudu. A nan ne mace take koyon addu'a da jin yadda na gaba da ita suke yi, a nan take koyon haƙuri da wadda jininsu bai haɗu ba. Irin wannan tsari ne ya ba da ƙarfi ga shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya tashi daga Jos a shekarun 1960, inda aka kafa ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, aka koya wa manomi da tela da ɗan makaranta cewa ba da shaida ba aikin fasto kaɗai ba ne.

Sai kuma aski, wanda ya fi kowanne zafi. A gonar Maraɗi tohon da ake datsewa ba matattu ba ne, kore ne shar, amma in an bar su duka sai su raba ƙarfin saiwa, babu wanda zai yi tsawo. Tuba a rayuwar mai bi haka take, kuma tana da sunaye na zahiri. Bashin da aka ci aka yi shiru a biya shi. Mudun da aka bubbuge gindinsa a canza shi. Ɗan'uwan da aka shekara uku ba a gaisa da shi saboda gādon gona a je a same shi, tun da Yesu ya ce wanda ya kawo baiko ya tuna akwai mai ƙara a kansa, ya fara zuwa su shirya tukuna. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da ya karɓi Yesu a gidansa, abin da ya fara fita daga bakinsa alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa ne da mayar da haƙƙin mutane ninki huɗu. Nan ne za a ga cewa ƙoƙari ma dogara yake bukata, domin ba mai iya mayar da kuɗin haram yana cikin talauci sai wanda ya gaskata Allah ba zai bar shi ya wulaƙanta ba.

Akwai wata koyarwa da ta cika gidajen talabijin da filayen taro, wadda take kama da haɗa dogara da aiki, amma ciniki ne tsagwaronsa. Ana ce wa mutum ya shuka iri, wato ya ba da kuɗi, Allah zai ninka masa ɗari, in kuma bai ga riba ba to bangaskiyarsa ce ta gaza. Wannan ya mayar da ɗan gida ɗan ƙodago, ya kuma ɗora wa matalauci da mara lafiya laifin halin da suke ciki. Bulus ya roƙi Allah sau uku ya cire masa wata ƙaya da ke damunsa, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi. Yesu a lambun Gatsemani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala in mai yiwuwa ne, sannan ya miƙa wuya ga nufin Uba. Bayarwa tana cikin girman Kirista, babu shakka, amma wanda ya bayar yana jiran a ninka masa, ga kuɗin ya dogara.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi duka nauyi, wadda bai kamata a amsa ta da gaggawa ba. Ina amfanin dogara ga wanda ya dogara kuma aka kashe shi? Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta fara ne da sujada a gindin wata tsamiya a Garkiɗa ranar 17 ga Maris 1923, kuma tana cikin ikilisiyoyin da koyarwarsu ta hana ramuwar gayya da makami. Yankin da ta fi yawa, kudancin Borno da arewacin Adamawa, yana cikin wuraren da Boko Haram ta fi ragargazawa, inda Musulmi da Kirista duk suka sha azaba. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A ƙarshen Oktoba na shekarar, mayaƙan suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos, an ƙone majami'u masu yawan gaske, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa muhalli. A watan Janairu na 2020 aka kama Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Michika. A faifan bidiyon da masu garkuwa suka fitar, ya roƙi shugabannin ikilisiya da gwamnan jihar su yi ƙoƙarin kuɓutar da shi, ya kuma nuna cewa bai karaya ba, domin duk halin da mutum ya samu kansa yana hannun Allah. Bayan 'yan makonni aka kashe shi.

Babu wata dabarar magana da za ta share hawayen iyalinsa, kuma Littafi Mai Tsarki bai yi ƙoƙarin ɓoye irin wannan ba. Sura ta 11 ta Ibraniyawa, bayan ta lissafa waɗanda bangaskiya ta kuɓutar daga bakin zaki da kaifin takobi, ta ci gaba da lissafa waɗanda aka jajjefe da waɗanda aka kashe da takobin, duk a layi ɗaya na masu bangaskiya. Kirista bai karɓi alkawarin cewa ba zai sha wuya ba. Abin da ya gaskata shi ne Allah yana tare da shi a ciki, kuma kabari ba shi ne ƙarshen zance ba. Wanda bai yarda da tashin matattu ba zai ga wannan amsa ba ta ƙosar ba, kuma ba na zarginsa, domin a kanta komai ya rataya. Amma a dubi abin da Andimi ya yi a wannan ɗan gajeren faifai: ya nemi a cece shi, ya kuma sallama. Irin wannan natsuwa ba a ƙera ta a ranar da aka ɗora wa mutum bindiga. Ana tara ta ne kaɗan-kaɗan a shekarun da babu mai kallo, kamar yadda ake cika rumbu kafin bazara.

A dubi kuma abin da ikilisiyar ta yi bayan guguwa. Ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya, inda waɗanda aka kashe wa 'ya'ya suke zama su faɗi abin da ya same su, a koya musu cewa gafara hanya ce mai tsawo da ake takawa da ƙafa. Ta raba abinci da iri da taki. A Gurku da ke jihar Nasarawa, wani ɗan ikilisiyar, Markus Gamache, da abokan aikinsa suka kafa matsugunin 'yan gudun hijira inda Musulmi da Kirista suke zaune maƙwabtan juna. Dakta Rebecca Dali, wadda ta kafa ƙungiyar tallafa wa gwauraye da marayu da matan da suka kuɓuto daga hannun mayaƙa, ta karɓi lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. Aka koma Kwarhi aka gyara, kuma a watan Maris na 2023 ikilisiyar ta yi bikin cika shekara 100. Ba kowane ɗan EYN ne ya iya yafewa ba, wasu har yanzu suna fama da ɗacin rai, amma an sare itacen har ƙasa kuma ya yi toho.

Mai karatu da ya ji kamar shi ba ya gaba ba ya baya, ya tuna cewa ko a Maraɗi kashi biyu cikin uku na itatuwan farko an sake sare su, kuma aikin bai mutu ba. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka juya lamarin shi ne, a da dokar gandun daji ta sa manomi yana ganin itacen da ke gonarsa na gwamnati ne, ba ruwansa da renonsa. Da ya tabbata nasa ne, sai ya tsare shi. Bangaskiyar gado ma haka take: muddin mutum yana ganin ta iyayensa ce ko ta fasto, ba zai ɗauki wuƙa ba. Roƙona ga fastoci da dattawan ikilisiya shi ne su daina auna girma da yawan baiko da tsayin gini da cikar benci a ranar Lahadi. A farfaɗo da ajin karatu na manya da ajin baftisma mai ƙwari, a bar mutane su yi tambaya ba tare da an kira su marasa bangaskiya ba. Kai kuma mai bi, wanda aka daɗe da yi wa baftisma, ɗauki Linjila ɗaya, ko ta Markus ce mai sura 16, ka karanta ta daga farko zuwa ƙarshe a watan nan, ka nemi mutum biyu da za ku riƙa addu'a tare, sannan kafin Jibin Ubangiji mai zuwa ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwan nan da kuka daina gaisawa.